Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Kazaure, ranar Laraba

Assalamu alaikum, Hassan ɗana.

Ina gaishe ka. Ina roƙon Allah Ya tsare ka a hanyar da za ka kama ranar Lahadi, Ya sauke ka a makarantar kwana lafiya, Ya raba ka da mugun aboki da mugun ciwo da malami mai mugun hannu. Amin. To, gaisuwa ta ƙare, don ba ita ta zaunar da ni ba.

Wa ya koya maka kiran ɗan'uwanka daƙiƙi?

Kada ka yi saurin ɗaga hannu kamar kana aji. Riƙe amsarka, akwai inda za ka ba da ita.

Za ka yi mamakin uban da yake kwana gida ɗaya da ɗansa amma ya koma rubuta masa takarda. Na san bakina ne. In na kira ka ɗaki, kafin in kai tsakiyar magana na fara ihu, kai ka sunkuyar da kai, ni in fita ina huci, ba abin da ya shiga. Biro ya fi harshena haƙuri. Kakarku Inna ta gan ni ina rubutu ta ce, "Ado, wa kake kai ƙara?" Na ce Babba nake rubuta wa. Ta kama haɓa. "Ɗan farin? Har da sunansa a takarda? Kai dai kunya ba ta taɓa kwana a ɗakinka ba." Na ce mata, Inna, tun da aka haife su nake cewa Babba da Ƙarami don kunya, har yaran suka ɗauka matsayi ne aka raba musu. Yau Hassan zan ce, Usaini zan ce.

Bari in rubuta abin da ya faru ranar Asabar, ba don ka manta ba, sai don ka gan shi yadda mu muka gan shi. Mun yi 'yar walima a ƙofar gida saboda ka ci jarrabawar shiga makarantar kwana. Maƙwabta sun zo, abokan aikina 'yan adaidaita sun zo daga tasha, Kawunka Sale ya zo daga sakatariya da babbar rigarsa. Usaini, wanda kuka zo duniya rana ɗaya, shi yake ta kai da kawo da kwanukan shinkafa, yana washe baki kamar shi ya ci jarrabawar. Kawu Sale ya kama hannunsa cikin wasa ya ce, "Kai kuma Ƙarami, yaushe za mu ci taka?" Kafin yaron ya buɗe baki ka amsa masa. Ka ce, "Kawu, bar wannan, daƙiƙi ne. Har yanzu kunnensa yake nema."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi. Usaini ya ajiye kwanon a hankali, ko ƙwayar shinkafa bai zubar ba, ya bi ta bayan gida. Washegari ya naɗe rigar makarantarsa da wandon, ya miƙa wa Ummanku ya ce, "Umma, a ba wani." Ranar Litinin mai zuwa makarantarsu za ta buɗe, kuma ya ce ba zai koma ba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan.

Maganar kunnen nan da ka mayar abin dariya, kai labarinta kawai ka ji. Ni ina wurin.

Lokacin muna ƙauye, can gefen Roni, ban sami adaidaitan nan ba balle mu dawo Kazaure. Ranar ɗaukar sababbin yara na riƙo ku, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har gindin darbejiyar makaranta. Yawancin yaran ba su da takardar haihuwa, don haka hedimasta yana da nasa ma'aunin, irin wanda aka yi mana mu ma: yaro ya ɗora hannun dama ta tsakiyar kansa ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓo, ya isa shiga makaranta. In bai taɓo ba, sai baɗi. Kai ka taɓo har ka kama leɓatun kunnen kana murza shi. Usaini ya miƙa, ya miƙa, yatsansa ya tsaya saman kunnen kaɗan. Sai ya karkatar da kai don kunnen ya zo ya same shi. Iyayen da ke wurin suka fashe da dariya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yan biyu ne fa. Ciki ɗaya, rana ɗaya."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Malam, ni ban ga ranar haihuwa ba, kunne nake gani. Mai da shi ya ƙara cin tuwo."

Ka san ni. Ni ne mutumin da in aka goge min fenti a tasha sai an tara jama'a kafin a raba. Amma ranar shiru na yi. Abin da ya fi shirun muni, dariya na taya su. Murna nake yi ɗaya ya shiga, na manta ɗayan yana riƙe da rigata. Da muka koma gida sai na ɗauki laifin na ɗora wa hannun. Kullum da safe in kama shi in ja, wai ya miƙe, yaro yana cije baki. Inna ce ta fito wata rana da muciya ta ce, "Ado, igiya ce? Saki mijina! Hannun da zai ci tuwona da shi za ka tsinka?"

Sai daga baya na tambayi kaina abin da ya kamata in tambayi hedimasta: me wannan awon yake aunawa? Tsawon hannu yake aunawa, da girman kai. Usaini tun haihuwa ya fi ka ƙanƙanta, ya kuma yi ƙyanda da ta kusa tafiya da shi. Hannunsa gajere ne, shi ke nan. Amma daga gindin darbejiyar nan kowa ya san akwai wanda ya kai da wanda bai kai ba. Ya shiga a bayanka, ya shiga yana jin kunya, aka sake maimaita masa aji, ga shi kai ka gama firamare shi yanzu zai shiga aji biyar.

Ka san ni ban gama firamare ba. A aji huɗu malaminmu ya jera mu bisa sakamako, masu ƙoƙari a gaba, mu a bencin baya, ya raɗa wa bencin suna layin jakuna. Na gaya masa abin da ba zan rubuta maka ba, na fita ta taga, ban sake komawa ba. Karatun da kake gani ina yi, a jikin manyan motoci na fara haɗa shi, da tsofaffin jaridun da ake naɗe tsire. Yanzu kuma in na sami ɗan sarari sai in tsaya wurin mai tsofaffin littattafai a bakin kasuwa. Masu koyon aikin malanta suna kawo nasu in sun gama jarrabawa, ni kuma in saya. Turancin yana ba ni wuya, sai na haɗa da waya, kuma na san akwai inda nake karantawa a karkace. Amma abin da na gane ya isa ya hana ni sukuni. Abin haushi, Hassan, duk abin da na yi muku ba daidai ba yana rubuce a ciki, an daɗe da saninsa. Ni ne ban sani ba sai da na gama ɓarna.

Ga ɗaya. An ce hankalin yaro hawa-hawa yake girma, kuma kowane yaro da saurin hawansa. Akwai gwajin da ake yi: ka zuba ruwa daidai a kofi biyu, yaro ya yarda daidai ne, sai ka juye ɗaya a kwalba siririya a kan idonsa, ya rantse na kwalbar ya fi yawa. Ban yarda ba sai da na gwada da kunu a kan ƙanwarku Ummi. Ta yi ta birgima sai an ba ta na kwalba. Ban dake ta ba, ban yi mata bayani ba. Bayan an kwana biyu sosai na sake yi mata, ta kalle ni ta ce, "Baba, wayo za ka yi min, ai duk ɗaya ne." Wa ya koya mata? Lokacinta ne ya yi. Da a ranar farko aka ba ta maki, da ita ma ta sami suna.

Don haka ga shawarata ta farko. A makarantar da za ka, za a kawo maka abin da kanka zai ƙi ɗauka. Dole ne, in ba a kawo ba ma cutarka aka yi. Ranar nan kada ka ce ba zan iya ba. Ka ce hannuna bai kai ba tukuna. Sannan kada ka karkatar da kai don kunne ya zo ya same ka. Ka san abin da nake nufi: satar amsa, leƙen takardar na kusa, rubutu a cinya. Gara ka dawo min da sifili naka na kanka.

Kuskurena na biyu, ranar ba da hutu. Kana tunawa. In dawo da wuri in tsaya a zaure, tambaya ɗaya a bakina: "Na nawa ka zo?" Kai ka ce na ɗaya. In fito da ƙunshin tsire in ba ka, ka ci a gabansa, shi yana tsaye da katinsa a bayansa. In ɗora ka gaban adaidaita kusa da ni mu zaga gari har gindin duwatsu, shi yana leƙe ta ƙofa. Wai ina zaburar da shi ne. Ƙarya nake yi wa kaina. A kan malamin layin jakuna nake ramawa, da kai nake ramawa, mutumin da wataƙila ko sunana bai riƙe ba.

A littattafan nan na ga yadda ake horar da tantabara: ta caki abu a ba ta ƙwayar hatsi, ta sake caka a sake ba ta, har ta ƙware. Aiki yana yi, ba ƙarya ba ne. Amma ranar da hatsi ya yanke, caka ma sai ta yi sanyi. Da na karanta wurin sai na ajiye littafin, don kai na gani.

Ba zargi nake yi ba, na gwada ka. Ka tuna ranar da kake haddar darasin yadda ruwa yake zama tururi, kana rera shi da Turanci kamar waƙa, ko numfashi ba ka yi? Ummanku ta shanya kaya a igiya. Na nuna maka rigata na ce, "To, ɗazu wannan jiƙe take, yanzu ta bushe. Ina ruwan ya tafi?" Ka dubi rigar, ka dube ni, ka ce, "Baba, wannan ai ba ya fitowa a jarrabawa."

Wallahi amsar tana bakinka, yanzu ka gama rera ta, amma ba ka san ita ce a kan igiya ba. Ban yi maka faɗa ba don ba ni da bakin yi. Ni na koya maka cewa karatu abin da ake musanyawa da tsire ne.

Ga tsorona, kuma ka karanta wannan wurin da kyau. Duk yaron da za ka tarar a makarantar nan na ɗaya ne a garinsu. Daga Babura za su zo, daga Gwiwa, daga Achilafiya, daga wuraren da ba ka taɓa jin sunansu ba, kowa ubansa ya yi masa walima. Za a zuba ku aji ɗaya, kuma dole wani ya zo na ƙarshe. Ba sai ya yi laifi ba. Jerin haka yake, in akwai kai sai an sami wutsiya. To in kai ne fa? Ko ba na ƙarshe ba, in ka buɗe kati ka ga kanka can tsakiya, a inda ba ka taɓa zama ba? Ba ka taɓa faɗuwa ba, Hassan, ba ka san yadda ake tashi ba. Usaini ya sani, ya sha yi. Kai kuwa kalma ɗaya tak ka mallaka ta kiran wanda bai zo na ɗaya ba, kuma ranar nan da kanka za ka kira kanka da ita, a wurin da ba Inna, ba Umma, ba mai cewa kai yaro tashi ka ci abinci. Wannan nake tsoro. Ina tuƙi in tuna, sai fasinja ya ce, "Direba, lafiya? Ka wuce da ni."

Bari in gaya maka yadda na ɗauki jarrabawa yanzu, da abin da na sani. Mutum biyu ne suke duba adaidaitana. Akwai bakanike. Shi in ya kasa kunne ya ji inji yana tari, murna yake yi, don ya gano inda zai taɓa. Ba na ɓoye masa komai, ni nake ce masa ga wata ƙara ma ta baya. Akwai kuma mai tsayar da ni a hanya, wanda yake duba don ya kama. Shi kam har addu'a nake yi kada ya ga fitilar da ta mutu. Dukansu dubawa suke yi, amma ɗaya ne kawai yake sa keken ya gyaru. Ni a gidan nan mai tsayarwa a hanya na zame muku. Kai ka mai da kowace jarrabawa bakanike, ko da wanda ya shirya ta bai nufi haka ba. In an dawo maka da takarda, kada ka tsaya kan jan lambar da ke sama. Sauka ƙasa inda ka faɗi, nan ne injin yake tari. Ka bi malami har ofis ka ce, "Malam, a nan na ɓace." In ya kore ka, nemi wani. In 'yan aji sun yi dariya, su yi, dariya ba ta taɓa fasa kan kowa ba sai wanda ya yarda da ita.

Na zo kan na ukun, wanda ya fi ci min rai.

Wata rana da la'asar na dawo cin abinci na same ku kan tabarma a inuwar ɗaki. Ka riƙe yatsan Usaini kana bi da shi kan layin rubutu. In ya kakare sai ka faɗi farkon kalmar ka yi shiru, shi ya ƙarasa. Da ya ƙarasa sai ku tafa. Karatu yake yi, Hassan, da bakinsa, yana dariya. Me na yi? Na daka muku tsawa. Na ce, "Tashi! Kana da jarrabawa a gabanka ka zauna wannan ya ja ka baya? Daƙiƙi ne, bar shi da ni." Ka tashi. Shi ya zauna da yatsansa a kan layin, bai ɗauke ba har na gama cin abinci.

Ga rabin amsar tambayata, ban ɓoye maka ba. A bakina ka ji ta. Amma ni a tsakar gida na faɗa, kai ka fito da ita ƙofar gida.

Na ce a bar shi da ni. Ka ga yadda na yi. In zaunar da shi, littafi a hannun hagu, wayar caja a dama. In nuna harafin da na san jiya ya sani, ya zura masa ido kamar bai taɓa ganinsa ba. Ummanku ta ce min, "Baban 'yan biyu, yaron nan fa yana karanta min rubutun jikin kwalin shayi in ba ka nan." Na ce tausayi ne yake sa ta ƙarya. Ta ce, "To ka tsaya bayan ƙofa ka ji." Ban tsaya ba. Girman kai ya hana ni laɓewa a gidana.

Sai ga shi a littafi, baƙi a kan fari. Wai yaro yana da abin da zai iya shi kaɗai, yana da abin da ya fi ƙarfinsa ko an taya shi, a tsakaninsu kuma akwai abin da zai iya in wanda ya ɗan fi shi ya riƙe masa hannu, sannan ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. A tsakanin nan ake koyo. Abin da kake yi a kan tabarma ke nan, kai da ba ka karanta littafin ba. Faɗin farkon kalma ka yi shiru, shi ne duka. Kuma wai mai koyarwar ma ƙaruwa yake yi, don ba ka sanin ka gane abu sai ka zo bayyana wa wani. Wato ba shi kaɗai na cuta ba. Da na bar ku, da wataƙila ka san inda ruwan rigata ya tafi.

Aji ɗaya tak Usaini ya taɓa shiga bai ji tsoro ba, ni na rushe shi.

Saboda haka a can, ka nemi mutum biyu. Ka nemi wanda ya ɗan fi ka, ka zauna kusa da shi ba tare da hassada ba. Ka nemi wanda ka ɗan fi, ka riƙe masa yatsa. Duk wanda ya ce maka na baya zai ja ka baya, ko malami ne, ka ce masa ubanka ya gwada wannan maganar a gidansa, ga abin da ta haifa.

Kada ka ɗauka ina cewa ɗan'uwanka wani gwani ne da aka ɓoye. A'a. Yana da nawa, abu yana daɗewa kafin ya zauna masa, wataƙila har abada ba zai zo na ɗaya ba. Ba ruwana da wannan yanzu. So nake ya zauna a aji har lokacinsa ya same shi a can, ba a tasha ba.

Don tasha ya koma. Jiya da rana na shigo layi na hango shi da bokiti da tsumma yana wanke keken wani. Ba wankin ne ya tsorata ni ba, sana'a ce. Waɗanda ke zaune kan bencin bayansa ne. Na san su, na san abin da ke cikin tsummokaran da suke kaiwa hanci, na san yadda suke karɓar sabon yaro: ba wanda zai tambaye shi na nawa ya zo. Nan ne kawai a garin nan ba a tambaya. Ni ma bencin nan ya taɓa karɓata bayan na fita ta taga, Allah ne Ya yi da sauran shan ruwana a gaba. Cikin waɗanda muka zauna tare akwai wanda yanzu yake yawo bakin kasuwa yana magana shi kaɗai.

Na ɗauko shi a keke, na yi masa magana mai taushi iya yadda na iya. Na ce ya yafe min. Ya ce, "To, Baba." Na ce zai koma ranar Litinin? Ya ce, "To, Baba," yana kallon ƙafarsa. Ko cewa na yi ya faɗa cikin ruwan dam zai ce to, Baba. Ni na kashe maganata a wurinsa. Inna ce ta ja shi ɗaki ta ba shi ƙosai tana yi masa tsiya, wai ita ba za ta zauna da miji jahili ba, saki za ta nema. Ya yi 'yar dariya, sannan ya ce mata, "Inna, in Baba ya faɗa, faɗa ne yake yi. Amma Hassan ya san karatu. In ya ce haka nake, haka nake."

Ka ji? Ba hedimasta ba, ba katin sakamako ba, ba ni ba. Kai ne ma'aunin da ya yarda da shi.

Ni ga nawa alkawarin. In ka dawo hutu ba zan tambaye ka na nawa ka zo ba. Zan tambaye ka me ka gane, me ya ƙi ganuwa. Na san bakina, zai so ya suɓuce. In ya suɓuce ka ce, "Baba, ka yi alkawari," ba zan ɗauka rashin kunya ba ne. Tsire kuwa ƙunshi ɗaya zan riƙa sayowa, a buɗe shi a tsakiyar tabarma. Ka riƙe salla a kan lokaci. Kada ka ɓoye ciwo don tsoron a ce rago ne. In manyan ɗalibai sun matsa maka ka faɗa, in an ƙi ji ka aiko min, ka san ba nisa ne zai hana ni zuwa ba.

Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya buɗe maka kai, Ya tausasa maka harshe fiye da na ubanka. Allah Ya tsare min ku duka biyun, wanda zai tafi da wanda zai zauna, don ban san wanne na fi ji wa tsoro ba. Ummanku tana sa maka albarka, Inna ta ce a gaya maka kai abokin takarar mijinta ba ka burge ta, amma ta ƙulla maka ƙuli-ƙuli.

Saura abu ɗaya. Na bi gida-gida na gaya wa duk wanda ya ci shinkafar ranar Asabar ya dawo ranar Lahadi da safe a yi maka sallama. Kawu Sale ya ce yana da taro, na ce masa ranka ya daɗe, da kai aka yi dariyar, da kai za a ƙarasa. Za a shimfiɗa tabarma a inda aka shimfiɗa waccan. Ummanku ta wanke rigar makarantar Usaini ta goge, za ta ajiye ta a tsakiya. Ni zan fara tashi, in gaya musu daga bakin wa kalmar ta fito, da labarin hannun da na ja.

Na san wannan ma jarrabawa ce na ɗora maka a gaban jama'a, irin wadda na cika takarda ina zagi. Na nemi wata hanya ban samu ba. Ban yarda ka ja shi bayan ɗaki ka raɗa masa haƙuri ba, don ba a bayan ɗaki ka faɗa ba. Ba kuma zan sa maka magana a baki ba, haddar ta isa haka. In har ka yarda daƙiƙi ne, ka maimaita, sannan ka gaya wa mutane da me ka auna shi. In ba ka yarda ba, ka gaya musu abin da ka gani a kan tabarma ranar da yatsansa yake hannunka, don kai kaɗai ne shaida, ni ihu nake yi.

Mota za ta jira. Na gaya wa direban.

Ka tashi tsaye, ka dubi ɗan'uwanka, ka ɗaga murya yadda na bakin titi zai ji, ka amsa mana: Hassan, Usaini daƙiƙi ne?

Mahaifinku,
Ado